Ashe sunan Baturen nan Alhaji ne

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Yaron nan ƙwallo ta shiga jininsa, Chelsea kuwa ko barci yake ka ambace ta sai ya motsa. Daren da aka buga wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai a watan Yulin 2024, tsakanin Ingila da Sifaniya, ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida bayan sallar isha'i, sai na ji gidan kallon da ke bayan layinmu ya kaure da ihu. Suna ɗaya ake kira: Palmer! Palmer! Ashe Cole Palmer ne ya shigo daga benci ya farke wa Ingila ƙwallon da aka ci ta. Daga baya dai Sifaniya ta ƙara, aka tashi 2 da 1.

Da yaron ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Kawu, ka ji abin da Palmer ya yi?"

Na ce, "Wane Palmer? Ni wanda na sani a garin nan ya zauna, kusan shekara 120 ke nan."

Ya tsaya yana kallona. Bai taɓa jin labarin ba, alhali kullum ta gaban Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, yake wucewa. Na ja shi ya zauna, na ba shi abin da ya samu. Da na gama sai ya jefo mini tambayar da ta ɗaure ni: "To Kawu, shi sunan me yake nufi?" Shekaru na yi ina koyar da tarihi, na rubuta sunan nan da alli a allo ba adadi, amma ban taɓa tsayawa na tambayi ma'anarsa ba. Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Abin da na tarar ya fi ƙarfin kwana biyu, don har ya kai ni ga buɗe adakar kakana.

Bari in fara da Baturen, saboda yaran yanzu. Herbert Richmond Palmer an haife shi a 1877 a arewacin Ingila, ɗan limamin coci ne, ya yi karatu a Cambridge, ya zo Nijeriya ta Arewa a 1904, shekara guda bayan Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. A 1906, shekarar da aka yi yaƙin Satiru, shi ne Baturen da ke zaune a Katsina, kuma da hannunsa aka tuɓe Sarki Yero aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa. Shekarunsa 29 a lokacin. Duk sanda na tuna wannan adadi sai in yi shiru. Saurayi ne da a gidajenmu ba a sa shi cikin shawarar rabon gado, amma ga shi yana juya sarautar ƙasa sukutum. Daga baya ya yi Razdan a Borno, ya zama Mataimakin Gwamna mai riƙe da Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya yi Gwamna a Gambiya, sannan a tsibirin Ƙubrus, ya mutu a 1958. Shi ne kuma ya juya tarihin sarakunan Kano daga Larabci zuwa Ingilishi aka buga a 1908.

To sunan fa? Asalinsa kalmar Latin ce, palma, wato tafin hannu. Ita kuma aka ara aka sa wa itatuwa dangin dabino, saboda ganyen wasunsu yana buɗewa kamar yatsu. Wanda ya taɓa kallon kabar goruba ko ganyen giginya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga Latin kalmar ta shiga tsohon Faransanci, can aka samu palmer ko paumer, ma'ana mai reshen dabino. Wane ne mai reshen dabino? Shi ne Kiristan da ya bar garinsu a Turai ya tafi ziyarar ibada Baitul Maƙdis, ya dawo da reshen dabino a hannu ko a liƙe jikin rigarsa, shaidar cewa ƙafarsa ta taka can. Da na kai nan a karatuna sai na ajiye tabarau. Ashe sunan mutumin nan, in za a faɗe shi da Hausa ba kwana-kwana, Alhaji ne.

Ban ce ibadar ɗaya ce ba. Aikin Hajji rukuni ne na Musulunci, ziyararsu kuwa ta neman lada da gafara ce bisa aƙidarsu, ba farilla ba ce a kan kowa. Amma yadda jama'a ke kallon wanda ya je ya dawo, da yadda tafiyar ke zame masa suna har ya danne na yanka, wannan kam tamkar a unguwarmu aka yi.

Dubi yadda tafiyar take. Mutum zai biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya je coci limami ya sa wa sandarsa da 'yar jakarsa albarka. Ya ƙetare ruwa zuwa Faransa, ya ratsa duwatsu zuwa Italiya, da yawa a Benis suke shiga jirgin ruwa, a yi makonni a teku kafin a sauka Yafa, daga nan a hau jaki zuwa Ƙudus. Bayan an gama ziyarar birnin sai a gangara kogin Urdun a yi wanka, a biya ta Ariha, garin da aka sani da dabino tun zamanin da, a yanki reshe. Shi reshen yana da tushe a littafinsu, inda aka ce mutane sun tarbi Annabi Isa, Alaihis Salam, da rassan dabino ranar da ya shiga Ƙudus, kuma har gobe suna bikin wannan rana a Lahadin da ke gaban Ista. Kowace ziyara da tata shaidar. Wanda ya je Santiyago a ƙasar Sifaniya, ɓawon wata katantanwar teku mai faɗi yake maƙalawa a hula. Wanda ya tsaya a gida ya je Kantabari, inda aka kashe babban limami Thomas Becket a 1170, 'yar kwalbar dalma mai ruwa a ciki yake ratayowa. Amma reshen dabino na wanda ya yi mai nisan ne.

Zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya ne tafiyar ta yawaita. Turawa sun ci Ƙudus a 1099, Salahuddin ya karɓe ta a 1187, kuma sulhun da ya yi da Sarki Richard na Ingila a 1192 ya bar wa Kiristoci masu ziyara hanya su shigo ba makami. A wannan ƙarni na 12 sunan ya fara fitowa a takardun baitulmalin sarkin Ingila. Da farko ana rubuta shi da wata 'yar kalma a gaba, le Palmer, kamar ka ce "wane, mai reshen dabinon nan". Siffa ce ta mutum ɗaya. Sannu a hankali 'yar kalmar ta faɗi, kuma faɗuwarta ita ce alamar cewa abin ya tashi daga siffa ya zama suna.

Da tafiya ta yi tafiya ma'anar ta ƙara faɗi, har aka riƙa kiran duk wanda ya mayar da ziyara rayuwarsa da sunan, mai yawo daga wannan hubbare zuwa wancan yana cin sadaka. Har wata tsutsa mai gashi irin gizaka suka laƙaba wa sunan, saboda ba ta zama wuri ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda laƙabin mutum ɗaya ya zama gadon zuriya. Kafin 1066, shekarar da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, mutanen ƙasar suna ɗaya kowa ke da shi, sai laƙabi in an buƙata, kuma laƙabin tare da mai shi ake binne shi. Manyan Nomandawa masu filaye ne suka fara gadar da suna, don suna da ƙasar da za a gada. Talakawa sun biyo baya a hankali, sai wajen 1400 akasarin gidajen Ingila suka samu sunan da ɗa ke ɗauka daga uba. Abin da ya tura su ba wani abu ba ne illa takarda: shari'ar fili, gado, da haraji. A 1377 an sa harajin kai, kwabo 4 a kan duk wanda ya kai shekara 14, aka sake a 1379 da 1381, har talakawa suka yi bore. In ƙauye yana da John goma, dole mai karɓar haraji ya san wane John ne ya biya.

Idan ka jera sunayen da suka fito daga wannan zamani, sai ka ga kamar kana zagaya kasuwar Katsina ne. Smith, wanda ya fi kowane suna yawa a Ingila, maƙeri ne. Taylor tela ne, kalmar ma daga can muka aro ta. Webb da Webster masaƙa, Dyer marini, Tanner majemi, Shepherd makiyayin tumaki, Chapman ɗan kasuwa. Shi kansa madugun boren 1381, Wat Tyler, sunansa na masu rufin ɗaki ne. Long shi ne Dogo, Short Gajere. Johnson ɗan John, kamar yadda muke cewa Ɗan'azumi ko Ɗanladi, ko da yake namu lokacin haihuwa suke nunawa. A cikinsu duka Palmer ya fita daban a wurina. Sauran suna faɗin abin da mutum ke yi kullum, ko yadda Allah ya halicce shi, ko wanda ya haife shi. Shi wannan yana faɗin abu guda da mutum ya yi sau ɗaya a rayuwa, ya sa ransa a tafin hannu ya yi shi.

Ga wani abu da ya tsaya mini a rai. A 1538, zamanin Sarki Henry na 8 bayan ya ɓalle daga Fafaroma, wazirinsa Thomas Cromwell ya fitar da umarni ga duk coci-cocin ƙasar. A cikin umarnin an yi tir da ziyarce-ziyarcen hubbarori da gumaka, kuma a shekarar aka rushe hubbaren Becket na Kantabari. A cikin wannan umarni dai aka ce kowace coci ta ajiye littafi tana rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Wato shekarar da aka kashe al'adar ziyarar ita ce shekarar da aka fara rubuta sunan a littafin da ba ya gogewa. Daga nan sai Palmer ya haifi Palmer, ƙarni bayan ƙarni, ba wanda ya ga Ariha.

Yanzu bari in dawo gida, don nan ne abin ya taɓa ni.

Kakana na wajen uba da ƙafa ya je Makka. Ya bar Katsina kafin yaƙin Hitila, ya bar kakata da goyon mahaifina, bai dawo ba sai bayan shekara 7. Kafin ya tashi gida-gida ya bi yana neman gafara, don a lokacin wanda ya kama hanyar gabas ba a sa ran sake ganinsa. Ina yaro na same shi da rai, kuma sunayen zangon da yake lissafawa har yau suna kunnena: Kano, Yerwa, Fallomi, Abashe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, Sawakin, sannan ruwa, sannan Jidda. Ba a jere aka yi tafiyar ba. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙodago. Ya ce damina biyu ya yi yana tsintar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, kuma ya zauna a Mai Wurno, garin da mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a bakin Nilu. Akwai abokin tafiyarsa da suka binne a hanya tsakanin Abashe da Jinaina, duk sanda ya zo wurin a labari sai ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya ci gaba.

Ranar da ya dawo, mahaifina da ya ga baƙo ya shigo har tsakar gida, da gudu ya shige bayan kakata. Daga ranar sunan yankan kakana ya ɓace. A duk unguwar shi kaɗai ne ya je, saboda haka in an ce Alhaji ba a tambayar wanne. Gidanmu ya zama gidan Alhaji, rijiyar ƙofar gida ta zama rijiyar Alhaji. Da aka kai mahaifina elementare malam ya ce ɗan wa, aka ce ɗan Alhaji, ya rubuta haka. Ni a takarduna sunan mahaifina ke biye da nawa, Alhaji ya zo na uku. Da zamanin banki da katin ɗan ƙasa ya zo, aka ce lallai suna ɗaya ya daidaita a kowace takarda, kuma a nuna wanne ne na dangi, sai mu 'yan gidan muka tsaya a kan Alhaji. Yau jikata 'yar shekara 4, mace, shi ne a takardar haihuwarta. Ni kaina da nake ɗauke da shi Allah bai kira ni ba tukuna, ina dai ta tari.

Abin da Ingila ta ɗauki shekara 300 tana yi, mu a gaban idonmu yake faruwa cikin zuriya biyu ko uku. Makarantar boko ta fara, ta laƙa wa yara sunan garuruwansu, shi ya sa muka samu Tafawa Ɓalewa da Shagari da Isa Kaita. A nan Katsina, 'Yar'aduwa unguwa ce kafin ta zama sunan da Matawalle Musa ya bar wa Shehu da Umaru. A Kano, Ɗantata laƙabin mutum ɗaya ne, Alhassan, yau kuwa zuriya ce guda. Ni ban ga laifin tsarin ba, yana sauƙaƙa gado da neman dangi. Abin da ke damuna shi ne suna ya rage labarinsa ya tafi. Na tambayi 'ya'yana uku dalilin sunanmu, ɗaya ce kawai ta san da ƙafa aka je.

Akwai wani ƙulli kuma a labarin Baturen da ya sa na ƙara jinjina lamarin. Lokacin yana Razdan a Borno, Palmer ya tashi daga Maiduguri ya bi hanyar alhazan nan ta Wadai da Sudan har Jidda, ya rubuta wa gwamnatinsu rahoton tafiyar a 1919. Mai sunan alhaji ya bi hanyar alhazai, ya tsaya a Jidda, don ba Musulmi ba ne balle ya shiga Makka. Kuma ba neman lada ya kai shi ba. Turawa a lokacin suna cikin fargabar Mahadiyya, suna so su san su wa ke bin hanyar, me suke ɗaukowa a ka su dawo da shi. Wannan ɓangare na aikinsa ban taɓa jin daɗinsa ba, don mutane irin kakana ne ake sa wa ido. Hanyar da wani ke bi yana kuka don shauƙin Ka'aba, wani ya bi ta da littafin rubuta rahoto. Sarkin da ya ɗora kuwa, Muhammadu Dikko, a 1921 ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila ya gana da Sarki George na 5, ya zama sarki na farko a Arewa da ya sauke farali yana kan gado. Shi ya dawo da sunan Alhaji na gumin kansa, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1944.

Shi kuma yaron Chelsea, da na bi sawunsa, sai na ga a Manchester aka haife shi a 2002, amma kakansa na wajen uba daga tsibirin Saint Kitts ya zo, can yankin Karebiyan, shi ya sa yake sa tutar tsibirin a takalminsa. A tsibiran nan sunayen Ingilishi da yawa ta hanyar mulkin mallaka da gonakin rake na zamanin bauta suka shiga gidajen baƙar fata. Sunan da aka yanko a Ariha ya je Ingila, ya ƙetare teku, ya sake dawowa Ingila, ga shi yau yaran unguwarmu na kiransa da dare.

Da na gama haɗa abin da zan haɗa na kira ɗan ƙanwar tawa, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Na zayyana masa duka. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ke nan ku ne Palmer ɗin Katsina." Na ce masa haka ne, kuma ta wajen uwa shi ma yana ciki.

Sai na shiga ɗaki na jawo adakar. Ta ƙarfe ce, fentinta ya gama zubewa, sai an ɗaga murfin da hannu biyu yake buɗewa. A ciki akwai makawiyar da kakana ya dawo da ita, zaren ya fara warwarewa, da wani tasbaha mai baƙaƙen 'ya'ya, da ɗan gwangwanin zamzam mai faɗi kamar tafin hannu, bakinsa a liƙe da dalma. Sauran gwangwanayen an fasa su tun tuni, an ba marasa lafiya, an yayyafa wa likkafanin tsofaffi. Wannan ɗaya kakata ta hana a taɓa. Tsatsa ta ci gefensa, ruwan ya daɗe da tsanewa, in ka girgiza ba ka jin komai.

Na miƙa masa. Ya goge hannunsa a jikin rigarsa kafin ya karɓa, ya jujjuya shi, ya kai kunne ya girgiza a hankali. Sannan ya ce in sake faɗa masa sunayen zangon, daga Kano, zai rubuta a wayarsa.